Allurar zafin motata tana hawa da na wuce Maraban Jos, bakanike ya ce sai an sauke kan inji

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Litinin, domin ranar ce bakanikena ya ce in kai masa mota ya sauke kan inji, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya da maganar.

Motar Corolla ce ƙirar 2005, mai inji 1.8, 'yar Kwatano, shekara huɗu ke nan tana hannuna. A Unguwar Dosa nake zaune, ina koyarwa a wata makaranta a Tudun Wada, duk Asabar kuma nakan je Zariya gaida mahaifiyata. Iyakar yawonta ke nan. In ban da baƙin mai da birki da taya, ba ta taɓa cin kuɗina ba sai bana.

A watan Maris abin ya fara, cikin tsakiyar zafin nan. Na taso daga aiki wajen biyu da rabi, na faɗa cunkoso a titin Ahmadu Bello, daidai babbar kasuwa. Ina tsaye, esi a kunne, sai na ji sanyin ya ɗauke, iska mai ɗumi ke fitowa. Ina duba gabana sai na ga allurar zafi, wadda kullum take kwance ƙasa da rabi kaɗan, ta miƙe tana neman ja. Da hanya ta buɗe na taka, kafin in kai Unguwar Sarki ta sauko da kanta. Kwana uku tana yi mini haka. In na tsaya ta hau, in na tafi ta sauka.

Na kai ta gareji. Bakanike bai ko tsaya dogon dubawa ba, ya ce ai tamostat ne, abin nan da ke tare ruwa kafin inji ya ɗumama, kayan ƙasar sanyi ne, mu nan wa ya taɓa ganin ƙanƙara a titi. Ya kwance ya cire shi, ya jefa cikin wani gwangwanin madara da yake tara noti. Sannan ya ƙwala wa wani yaro rewaya kira ya ce a yi wa fanka dairek, wato a haɗa ta da wuta kai tsaye. Yaron ya yanke waya, ya haɗa, ya naɗe da baƙin salatif, ko minti goma bai yi ba. Tun daga ranar nan, da na murɗa makulli fanka za ta kama gurnani, ba ta shiru sai na kashe mota. Cikin gari kam allura ta daina hawa, ba zan yi masa ƙarya ba. Esi ne dai bai koma sanyinsa na da ba, na ce ko zafin gari ne.

Ranar Asabar na ɗebi iyali muka kama hanyar Zariya. Muka wuce Rigachikun lafiya lau. Da na wuce Maraban Jos na ɗan taka ta kai 100, ta kai 110, sai allura ta fara rarrafe sama. Kafin Jaji dole na sauka gefen titi. Na ɗaga bonet na tarar robar ajiyar ruwa ta cika maƙil, tana ɓulɓula tana amai ta ɗan tiyon gefe. Minti arba'in muka yi a gindin wata bishiya, mai ɗakina tana yi wa jaririya fifita da murfin kwali. Da inji ya huce na zuba masa fiya wata, leda huɗu ya shanye. Sauran tafiyar a 60 na yi ta, manyan motoci suna ta danna mini hon, amma allura ko gezau.

Na koma wurinsa, ya ce famfon ruwa ne, aka sa sabo. Asabar ta zagayo, a daidai wurin nan ta sake yi. Ya ce lagireto, mai sanyaya ruwan inji, shi ne ya yi datti, aka zuba garin sabulu aka bar mota tana aiki, aka zubar, aka ɗauraye. Ba ta canza zane ba. Yanzu ya ce gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, sai an sauke kan inji an kai an goge shi, da kaya da aiki naira dubu 180.

Ga abin da na lura da kaina, ko zai taimaka. Baƙin mai a jikin sandar gwada shi baƙi ne tsaf, babu fari-fari. Salansa ba ya fitar da farin hayaƙi. Da safe bugu ɗaya take tashi, ba ta karkarwa. In cikin gari kawai na yi yawo, sai in yi mako ban ƙara ruwa ba. Ruwan kuma na rijiyar burtsatsen gidanmu ne, tun da na saye ta ban taɓa sayen ruwan lagireto mai kalar nan ba.

Don Allah masu sani, gasket ɗin ne? Albashin malamin makaranta ne, kun dai san sauran.

Ɗan Tasha:

Wa alaikumus salam. Malam ka ba shi ya yi kawai. Mota in ta tafasa sau biyu gasket ya tafi, ko bai nuna yau ba zai nuna gobe. Ni Sharon nake ja Kaduna zuwa Kano, tamostat kuwa ranar da mota ta shigo hannuna ranar nake cire shi. Bakanikenka bai yi laifi ba a nan.

Baba Kakuri:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Ɗana, kada ka kai motar nan ranar Litinin da niyyar a sauke kai. Ka saurare ni tukuna. Na yi aiki a kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri tun ana haɗa 504, bayan na bari na riƙe garejin kaina har ƙarfi ya ƙare. Yanzu sai dai baki, hannu ya huta.

Na karanta bayaninka sau biyu. Ciwo biyu ka ba mu labari, kai da bakanikenka kuna ɗauka ɗaya ne.

Na farko, na watan Maris: a tsaye ta yi zafi, a tafe ta huce. Wannan ba ya buƙatar duba. Lagireto da iska yake aiki. In mota tana gudu, iskar hanya ce ke shiga ta gaba tana ratsa shi, ko babu fanka ma zai yi sanyi. In ta tsaya a cunkoso kuwa, babu mai kawo masa iska sai fanka. Saboda haka a watan Maris fankarka ce ba ta tashi, kuma shi ya sa esi ya ɗauke a lokaci guda, domin kondensa, wato ragar esi da ke gaban lagireto, shi ma da iskar fankar yake rayuwa. Abin dubawa a ranar fis ne, da rile mai kunna fankar, da sansar zafi, da motar fankar kanta. Da tamostat ne ya maƙale a rufe, da ba ruwansa da tsayuwa ko tafiya, taka ta ma ƙara mata zafi zai yi, kuma da ka taɓa tiyon ƙasa za ka ji shi da sanyi alhali na sama yana ƙuna. An bar jaki an daki taiki.

Na biyu shi ne wanda kake ciki yanzu, kuma kishiyar na farko ne: cikin gari lafiya, a kan gudu zafi. Yaushe ya fara? Asabar ɗin da ta biyo bayan gyara. Shekara huɗu kana bin hanyar nan ba ta taɓa yi maka a Jaji ba sai da aka taɓa ta. To ni a koyarwar da aka yi mana, in ciwo ya sake kama bayan gyara, inda hannu ya taɓa ake fara dubawa.

Ga abin da nake zargi. Motar fankar nan in ka juya mata waya, ta ƙarfe ta koma ta wuta, ba ƙin tashi za ta yi ba. Tashi za ta yi, da ƙararta da komai, amma da baya take juyawa. Maimakon ta jawo iska daga waje ta ratsa lagireto zuwa wajen inji, sai ta riƙa tura iskar cikin bonet zuwa gaba. A tsaye wannan yana ɗan yin aiki, tunda dai iska na ratsa lagireton ko ta wane ɓangare, sai dai iska ce mai zafi, shi ya sa esinka ya yi rauni. Amma da ka hau babban titi, iskar hanya tana turowa ciki, fanka tana turawa waje, sai su yi karo a jikin lagireto, kamar mutum biyu sun haɗu a ƙofar zaure kowa ya ƙi kaucewa. A lokacin kuma inji yana kan aiki mai nauyi, yana haifar da zafi fiye da na cikin gari.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka yago takarda ɗaya daga littafin ɗalibanka, ka tada mota, ka riƙe ta a gaban ragar gaba. In ta manne da kanta, fanka tana daidai, ka ce Baba ya tsufa. In ta turo ta wajenka, ka kama ɓarawo.

Ko da ta manne, kada ka yarda tukuna. Ka ɗauki tocila ka leƙa tsakanin kondensa da lagireto, daga sama. Wurin nan ba mai ganinsa, mai wankin mota ma ruwansa ba ya isa. Ƙurar hunturu shekara da shekaru, da ƙwari, da ganye, suna taruwa su zama kamar bargo. Garin sabulun da aka zuba ciki bai san da zaman wannan ba.

Sai cikin lagireton. Ka leƙa gindin butar da kuke dafa ruwan shayi da ruwan burtsatsen nan, in ka ga farin abu ya kama, to irinsa yana cikin motarka, ga tsatsa a kai. Bututun lagireto sirara ne ƙwarai, kaɗan ya ishe su toshewa, kuma sabulu ba ya narkar da wannan. Lagireton da ya toshe rabi yana iya riƙe mota a cikin gari, amma ba zai iya da gudun 110 da esi da mutum biyar ba. In ka dawo daga aiki ka kashe mota, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka ba ta 'yan mintoci, sannan ka zura bayan hannunka ta tsakanin fukafukan fanka ka ɗan tattaɓa wurare daban-daban. Lafiyayye zafinsa yana raguwa ne sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa. In ka ji nan zafi, kusa da shi kuma sanyi kamar ba mota ɗaya ba, ruwa ba ya bi ta wurin.

Gasket kuwa ban ce ba zai yiwu ba. Kan injin nan alminiyon ne, ba ya son tafasa, kuma ta tafasa maka har sau biyu. Amma gasket yana da shaidu, kai kuma duk waɗanda ka kawo sun wanke shi. Saura ɗaya. Da asuba, mota ta kwana ta yi sanyi ƙalau, ka buɗe murfin lagireto, ka cika shi har wuya, ka tada inji ka zuba ido. Tunda babu tamostat za ka ga ruwan yana gudu tun daga farko, wannan ba komai ba ne. Abin da kake nema kumfa ce mai ɓullowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, in an taka totur ta ƙaru har ruwan ya yi tsalle. Wannan hayaƙin silinda ne yake kutsawa cikin ruwa. In ka mayar da murfi kuma ka ga tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, tun inji bai ɗumama ba, shi ma shaida ne. Akwai masu wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙi na ciki sai ya koma rawaya. Duk wanda zai karɓi dubu 180 a hannunka, ya fara nuna maka ɗaya daga cikin waɗannan da idonka.

Maman Sadiq:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, kun gama magana. Ni abu biyu kawai zan ƙara, na farkon kuma da kuka na koye shi.

Malam, ka ji Baba ya ce da asuba, mota a sanyaye. Ka riƙe wannan da kyau. Shekara uku da suka wuce muna hanyar Abuja da ƙanena, motata ta yi zafi wajen Kateri. Kun san hanyar nan ba wurin da mutum zai so ya daɗe a tsaye ba ne, sai ya yi gaggawa. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗa murfin. Ban ma ga fitowar ruwan ba, ƙara kawai na ji, sai ga shi ya dafe hannu yana juyi a gefen titi. Daga wuyan hannu har gwiwar hannu fatar ta saluɓe, tsumman da ya naɗa ma shi ya riƙe ruwan zafin a jikinsa. Har yau in ya naɗe hannun riga ana ganin wurin. Kuma kada ka bari masu taimako su kwara wa inji ruwan sanyi a ka, suna zuwa da jarkarsu da kyakkyawar niyya, amma haka ake lanƙwasa kan inji.

Abin haushin, da aka bincika, murfin ne kawai ya mutu. Ni da na ɗauka marfi marfi ne, kamar na galan. Ashe shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa a buɗe a digiri 100 yake tafasa, amma a matse cikin lagireto sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwan zai tafasa da wuri ya gudu cikin robar ajiya, irin yadda ka ce taka ta yi amai. Ka juya naka ka duba robar. A samansa akwai lamba, 0.9 ko 1.1, in za ka saya ka sayi mai lambar da ta zo da motarka, ba wanda yaron shago ya miƙo ba.

Na biyu, in allura ta fara hawa a inda ba ka son tsayawa, ka kashe esi, ka sauke gilasai, ka kunna hita har ƙarshe da iskarta duka. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne a cikin mota, yana janye zafi daga inji. Za ku yi gumi kamar masu gidan burodi, amma yakan kai mutum gari na gaba. In allura ta shiga ja dai babu sauran dabara, a tsaya a kashe.

Ɗan Tasha:

Baba da girmanku, maganar fanka na yarda, na taɓa gani. Amma tamostat fa? Mu da muke kan hanya kullum babu shi muke tafiya, kuma ga mu nan muna kai fasinja Kano muna dawowa. Abin da yake tare ruwa a ƙasar da rana ke narka kwalta, ina amfaninsa?

Baba Kakuri:

Ɗan Tasha, tambayarka tana kan hanya. Ka ɗauko wanda ka cire ka goge shi, za ka ga lamba a jikinsa. Na irin motar Malam 82 ne. Ma'ana yana rufe ne kawai kafin ruwa ya kai digiri 82, daga nan ya fara buɗewa, in zafi ya ƙaru ya buɗe gaba ɗaya. Zafin Kaduna a watan Afrilu, da duk abin da muke kuka da shi, wajen digiri 40 ne. Kai a wurinka wuta ce, inji a wurinsa sanyi ne. Ba don ƙanƙara aka yi shi ba, an yi shi ne don inji ya yi saurin kai zafin aikinsa ya zauna a nan.

In babu shi, da safe da lokacin hunturu inji yana daɗewa a sanyaye. Kwamfutar mota kuma in ta ji sanyi sai ta ƙara mai, kamar yadda muke jan cok a 504. Ka lissafa kuɗin lita a yau ka gani ko kyauta kake tafiya. Sannan a wasu injinan tamostat yana da wani faifai a gindinsa da ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. In an cire shi hanyar tana nan a buɗe, wani ruwan zafin sai ya yi ta kewaya inji bai leƙa lagireto ba. Ban musa ba, yana lalacewa, in ya lalace kuma a rufe yana iya kashe inji. Maganinsa a sa wani. Motarka tana kai ka Kano ne don lagiretonta da fankarta lafiyarsu ƙalau, ba don ka cire shi ba.

Mai Waya:

Ni sana'ar rewaya nake yi, kuma kunya ta kama ni da na karanta. Dairek ba gyara ba ne, dabarar kai mota gida ce in dare ya yi. Fankar nan an yi ta ne ta tashi in ruwa ya haura digiri 90 da wani abu ko in an kunna esi, ta yi aikinta ta huta. In tana juyi daga Kaduna har Zariya ba hutu, gawayin cikinta zai cinye, wata rana ta mutu a cunkoso ba sallama. Mafi muni, yaran nan da yawa ba sa sa fis a wayar da suka ja. Ranar da salatif ya narke waya ta taɓa ƙarfe, wuta ce.

Malam, in ka je ka ce a mayar da wayar yadda take, a nemo abin da ya hana ta tashi tun farko. A akwatin fis na cikin bonet ake farawa. Kuma ka sa a jona na'urar duba kwamfuta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, a karanta maka zafin da lamba. Allurar motoci da yawa tana zama wuri ɗaya ko zafi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, ba ta motsi sai abu ya yi nisa.

Baban Ilham:

Jama'a ku yi haƙuri da shiruna, na so in je Zariya in dawo kafin in yi magana.

Baba, Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku gama lafiya. Ranar Lahadi bayan sallar asuba na fito da takardar jarrabawar wani ɗalibi da ya ci uku cikin ashirin, na ce yau za ta yi amfani. Na tada mota na kai ta gaban raga. Wallahi fizge ta aka yi daga hannuna ta manne mini a ƙirji. Na sake gwadawa har sau uku, ga wata iska mai ɗumi tana bugun gwiwata. Wata biyu ina wucewa ta gaban motar nan tana aiki, ban taɓa tambayar kaina me ya sa take hura ni ba.

Kumfa babu. Na tsaya minti goma ina kallon bakin lagireto kamar mai jiran wata, ɗan maƙwabcina yana taka mini totur, ruwa dai yana wucewa sumul. Murfin kuwa, Maman Sadiq, robarsa ta tsattsage kamar dugadugin manomi. Da na haska tocila tsakanin kondensa da lagireto, kusan kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa ba a ganin ƙarfe sam. Na sa waya na jawo wani abu kamar tsohon bargo, da gashin kaza a ciki, da busasshen ganyen darbejiya, da guntun ledar fiya wata. Gwajin hannu ma ya nuna, tsakiyar lagireton akwai wuri mai faɗin tafin hannu biyu da yake da sanyi.

Litinin na je gareji kamar yadda muka yi, har ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu. Ban ce masa komai ba, na ce Oga riƙe takardar nan a nan. Da ta bugi cikinsa ya yi shiru, sannan ya juya ya fara ƙwala wa yaron kira. Na ce a bar yaro, ba shi ya ce a sauke kai ba. Ban yi faɗa ba, mutumin yana da kirki kuma ya sha yi mini aiki bashi, amma na ce a dawo mini da tamostat ɗina. Sai da aka zazzage gwangwanin madarar nan a ƙasa aka tsince shi cikin noti.

Mai Waya, maganarka ta fito. Na kai ta wurin wani rewaya dattijo, ya kwance dairek ɗin, babu fis kuwa. Ya buɗe akwatin ya zaro rilen fanka, ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi. Ya sa wani, muka tsaya har mota ta yi zafi, fanka ta tashi da kanta ta yi ɗan aiki ta tsaya. Abin da ya ja mini duk wannan wahalar bai kai girman akwatin ashana ba.

Tamostat ɗin na kai shi gida na ɗaura masa zare na saka a tukunya a kan risho. Ina tsaye a kansa, ruwa ya fara 'yan ƙananan ƙwayaye a gindi, bai kai ga tafasa ba, sai na ga bakinsa yana buɗewa a hankali. Na tsamo shi, yana shan iska ya koma ya rufe. Lafiyarsa lau. Mai ɗakina ta ce tukunyar ta zama ta mota, in sayo mata wata.

Lagireton mai gyara ya buɗe kansa ya nuna mini bututun, da yawa sun cushe da wani abu fari da ja kamar ƙasar gini. Ya ce zai iya zurara su, amma robar kan ta tsufa, ba ya ba da tabbacin za ta koma ta riƙe. Na je kasuwar kayan mota ta Oriakpata na sayi wani da sabon murfi, aka sa tamostat, aka zuba ruwan kala na gaske, galan a rufe. Duka abin da na kashe bai kai rabin kuɗin gasket ba.

Jiya Asabar na je Zariya, esi a kunne, mu biyar. Na wuce Maraban Jos idona rabi a titi rabi a allura. Har Jaji, har cikin gari, ba ta ɗaga ba. Na nuna wa yara bishiyar da muka zauna.

Abu ɗaya ne ya rage yake ɗan damuna. Kwana biyun farko bayan aikin, da safe na ga ruwan robar ajiya ya ragu kamar rabin kofi. Baba, ko gasket ɗin ne yake sallama?

Baba Kakuri:

Alhamdulillahi. Kwana biyun farko ba abin tsoro ba ne, iskar da ta maƙale lokacin da aka zuba sabon ruwa ce take fita, ruwa yana maye gurbinta. Ka cika robar zuwa layin sama da safe mota a sanyaye, ka ja alama da biro a daidai wurin, ka riƙa dubawa kullum a lokaci ɗaya kafin ka tada ta. In mako ya zagayo da tafiyar Zariya a ciki yana kan alamar, magana ta ƙare. In yana ci gaba da sauka kuma ƙasan mota a bushe, to ka nemi masu ruwan shuɗin nan kafin kowa ya ɗauko sifana.

Kuma ka koma garejin ka karɓo tsohon famfon ruwanka. Ban ga abin da ya yi ba. Ka naɗe shi a leda ka ajiye a but.